Ban taɓa kallon idon Inna ba

"Ɗago kanki, Hadiza," in ji matar da aka turo ta ba mu horo. Ina riƙe da soso, tsohuwar da nake yi wa wanka kuwa tana ta ihu tana dukan hannuna.

A wani gidan kula da tsofaffi ne kusa da birnin Lyon na ƙasar Faransa, watana uku da fara aiki. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfin tsohuwar nan, kullum haka muke fama da ita.

Na ce, "Madam, mu a Damagaram ba a kallon babba cikin ido. Rashin kunya ne."

Ta ce, "Ita ba ladabi take gani ba. Hannuwa take gani marasa fuska suna tuɓe mata riga. Da ke ce, ba za ki yi ihu ba?"

Na durƙusa, na dubi tsohuwar ido cikin ido, na faɗa mata sunana. Wallahi sai ta yi tsit, ta miƙo mini hannu da kanta.

Kowa ya ji daɗi ban da ni. A cikin bas na yi ta kuka har unguwarmu, Vaulx-en-Velin.

Shekara biyu ina yi wa Innata wanka kafin ta rasu, kaina a sunkuye. Ita ma haka take ihu. Muka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi da rubutu. Ashe tsoro take ji, fuskar ɗiyarta kawai take nema.

Ku masu jinyar iyaye, yaushe rabonku da kallon idonsu?