Gidaɗo Mai Bin Sawu da Kaset ɗin Turawa

A shekarun da nake magana, duk wanda aka sace wa dabba tsakanin Gwashi da Bukkuyum, kafin ya tuna da hukuma sai ya fara zuwa rugar Gidaɗo. Bafillace ne siriri, ya ba shekara sittin baya, wuyansa ya ɗan ranƙwafa saboda yawan duban ƙasa. Bin sawu ne aikinsa, kuma a wurin ubansa ya gaje shi. Yana da shanunsa da 'yar gonar gero, amma ba da su aka san shi ba.

Aikinsa ba hayaniya. In ya iso gidan da aka yi sata, abu ɗaya yake roƙo, kada kowa ya sake taka wajen turke. Zai tsuguna ya daɗe yana kallo, ya miƙe, ya kama hanya ba tare da ya tambayi kowa komai ba. Yana gane kofaton saniya mai ciki da na wadda aka kora da gudu, yana gane mutum da yadda yake aza diddigensa. In sawu ya kai shi bakin wani gari, nan yake tsayawa. Sai ya kafa sandarsa, ya aika a kira maigari, ya gaya masa sawu ya shigo garinsa, ya koma gindin itace ya zauna. Bai taɓa kiran sunan kowa ba, ko da ya san mai ƙafar. Sau tari kafin la'asar sai a ce an tsinci dabbar tana yawo bayan gari, mai ita ya ja abarsa, asirin kowa a rufe.

Ni sunana Muttaka, malamin firamare ne a Bukkuyum. Shanun mahaifina uku suna hannun Gidaɗo tun ina yaro, shi ya sa nake ce masa Baffa. Duk ranar kasuwa yakan biyo gidana ya sha ruwa, ya ajiye wa matata Zubaida man shanu, mu ɗan taɓa hira. Laifin abin da zan faɗa yanzu, rabinsa nawa ne, ko ma ya fi rabi.

A 1999 yayan Zubaida, wanda ke tuƙa wani Bature a Kaduna, ya kawo mana kwali guda na kaset ɗin bidiyo da maigidansa ya bari zai koma ƙasarsu. Na ɗauka faɗa ne da harbe-harbe. Ashe wasannin talabijin ne da aka shirya daga tsofaffin littattafan bincike na Turawa. Kowane kaset labarinsa daban, amma tafiyarsu ɗaya. A wani ƙaton gida za a wayi gari an kashe mutum, ko an ɗauke sarƙar uwargida. Sai mai bincike ya zo, wani dogo mai furfura, ya yi ta shan shayi yana tambayar mutane inda suke da ƙarfe kaza. A ƙarshe ya tara kowa a falo ya nuna mai laifi. Maƙwabtana sun kalli ɗaya suka watse, suka ce surutu ya yi yawa kuma ba a rawa. Ni kuwa abin ya shiga raina, har na fara ganin kaina wani mai kaifin basira.

Wata ranar kasuwa Gidaɗo ya tarar na tada janareta bayan azahar ina kallo. Na ce ya zauna ya ga ɗan'uwansa mai bin sawu na ƙasar Turawa. Ba ya jin Turanci, don haka ina tsayar da kaset ina yi masa bayani. Ya san wasa ne, ba yaro ba ne. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne mutumin ba ya duban ƙasa. An yi kisa a lambu, ga laka ko'ina, amma mai binciken yana ɗaki yana tambayar kuku abin da aka dafa jiya. Gidaɗo ya yi ta gyara zama yana leƙen ƙasan talabijin, wai ko za a nuna masa ƙafafun mutanen.

Kafin a kai ƙarshe na tsayar, na ce ya faɗi wanda ya yi. Bai yi wata-wata ba ya ce mai kula da lambun ne, tunda shi ne ya gudu, kuma an ga laka a takalminsa. Da aka tara mutane sai ga shi 'yar'uwar mamacin ce, wata tsohuwa da ke ta kuka tun farkon kaset. Na yi dariya har da buga ƙafa. Shi bai yi ba. Ya tambaye ni to me ya sa mai lambun ya gudu, na ce tsoro ya ji. Ya ce laka fa, na ce ai lambu yake aiki. Ya ɗauki sandarsa ya tafi ko sallamar kirki bai yi ba.

Na zata shi ke nan ba zai ƙara ba. Mako na zagayowa sai ga shi tun kafin azahar, ya ce a sa wani. Haka muka yi ta yi duk rani. Kaset goma sha ɗaya muka kalla tare, sau goma sha ɗaya yana faɗar mai laifi, bai dace ko sau ɗaya ba. Wanda ya gudu ba shi ba ne. Wanda aka samu wuƙa a ɗakinsa ba shi ba ne. Wanda kowa ya san ɓarawo ne, ya taɓa zaman kurkuku, shi kam ko kusa. Kullum na cikin gida ne, ɗa ko ƙane ko amini, mai taya kuka. Ni kuma na mai da abin wasa, ina tsokanarsa a gaban Zubaida, ina cewa idon Baffa ya tsufa. Ban gaya masa cewa ni ma ban taɓa dacewa ba, sai dai na riga shi kallon ƙarshen.

Kaset na tara ne ya fi taɓa shi. A ciki an ga sawun takalmi ƙarƙashin taga, ya tafi tiryan-tiryan har ƙofar wani maƙwabci. Ranar Gidaɗo ya washe baki, ya ce yau dai an zo wurinsa. Ashe ɗan gidan ne ya saci takalmin maƙwabcin ya sa, ya taka laka da gangan, ya mai da takalmin inda ya ɗauko. Gidaɗo ya yi gardama sosai. Ya ce takalmi ba shi ne sawu ba, nauyin mutum da tazarar takunsa ba su canzawa, da an bar shi ya tsuguna a wurin da ya gane. Ni da bakina mai ƙaiƙayi na ce ai mai wayo har tafiyar wani yana iya kwaikwaya, kuma a irin wannan lamari duk sawun da ya fito sarai, to ƙarya ne. Ya dube ni ya ce:

"Malam, ashe mutum shina iya yi ma ƙasa ƙarya?"

Na ce ƙwarai kuwa. Na faɗa da gadara, ni da ko sawun akuya ban iya bambancewa da na tunkiya ba.

Damina ta faɗi, aka yi ruwan shuka, Gidaɗo ya daina zuwa. Sauran labarin daga bakinsa na ji, wani kuma daga mutanen ƙauyen.

Akwai wani manomi, Rabe, a wata tunga kusa da Gwashi. Shekara shida yana tari kafin ya haɗa shanun huɗa biyu, kuma da su yake huɗe gonarsa da ta ƙanensa Bala, waɗanda suke gida ɗaya, tukunya ɗaya. Ana saura kwana kaɗan a fara huɗa aka wayi gari turke wayam. Rabe ya ruga rugar Gidaɗo ko hula babu. In shanun nan ba su dawo ba, gidan mai mutum goma sha huɗu ya koma fartanya.

Gidaɗo ya zo ya tsuguna. Ƙasa da danshi, sawu ya fito sarai kamar an buga hatimi. Shanu biyu, mutum ɗaya, takalmin roba mai faci a diddige, ƙafar hagu tana ɗan ja. Ya san mai ƙafar. Makau ne, wani mai ɗan hali da ke wata tunga ƙetaren gulbi, wanda sau biyu a baya sawu ya kai Gidaɗo bakin garinsu. Ya bi, Rabe da mutum uku na biye da shi. Suka ƙetare gulbi, sawu ya sake fitowa a gaɓar can. Da hantsi suka hango rufin ɗakunan tungar. Abin da ya rage ya kafa sanda ya aika a kira maigari.

Nan ya tsaya. Ya ce mini bai san abin da ya shiga kansa ba. Sawun ya cika kyau. Makau da ya sani yakan bi ta kan dutse ko cikin ciyawa don ya wahalar da mai bi, yau kuma ga shi a tsakiyar hanya. Kowa ya san takalmin Makau, kowa ya san yadda yake jan ƙafa. Sai kuma ya tuna igiyar turke kwance ta aka yi, ba yankewa ba, kamar aikin na cikin gida. Ya sake tsugunawa, idonsa ya ce Makau, kansa ya ce a'a. Shekara arba'in ba su taɓa saɓawa ba sai ranar. Ya miƙe ya ce a koma gida.

Mutanen suka bi shi baki buɗe, amma wa zai yi wa Gidaɗo gardama a kan sawu? Da suka koma tungar Rabe ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a zaure ya fara tambaya. Wa ya ɗaure shanun jiya? Wa ya fita da asuba? Akwai wanda suka yi cacar baki da Rabe kwanan nan? Shi kansa bai san me zai yi da amsoshin ba, ya ce ji ya yi kamar an ba shi garma an ce ya yi ɗinki da ita. A cikin tambayar ne matar Rabe, Turai, ta ambaci cewa Bala ya yi fushi shekaranjiya saboda yana son a fara huɗe tasa gonar bana. Gidaɗo bai ce Bala ne ba, har ga Allah bai faɗa ba. Ya dai sa aka kira shi, ya tambaye shi inda ya kwana, sannan ya ce ya ɗan taka ƙasa a gani. A gaban yayansa, da matan gida suna leƙe ta katanga.

Bala ya taka. Sawun bai yi kama ba ko kaɗan. Gidaɗo ya ƙara rikicewa, tunda mai kwaikwayon tafiyar wani ai ba zai yi ta a gaban mutane ba. Ya ce a bari sai gobe ya sake dubawa. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka tafka ruwa har magariba. Da safe babu sawu ko ɗaya daga turke har gulbi.

Bayan kwana tara wani dillalin dabbobi ya ba da labari a Gummi cewa ya ga Makau da shanu biyu, fari da ja, ya loda su a mota an yi kudu da su. Ranar da Gidaɗo ya tsaya yana hangen tungar, shanun suna ɗaure bayan wani rumbu, tsakaninsa da su bai fi tafiyar minti goma ba. Ba wayo Makau ya canza ba, sauri yake yi don ya ga alamar ruwa, shi ya sa ya bi hanya.

Bala bai jira wannan labari ba. Washegarin ranar da aka sa shi taka ƙasa ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma wurin dangin mahaifiyarsa a Anka. Rabe ya bi shi har sau biyu yana ba shi haƙuri, Bala ya ce zai dawo, bai dawo ba. Gonarsa ta kwana a ciyawa shekarar.

Gidaɗo ya kora bijiminsa guda, wanda ya fi so, ya kai wa Rabe ya ɗaure a turken. Rabe ya ce ba shi ya sace ba, don me. Gidaɗo ya ce shi ma bai sani ba, a dai karɓa. Bijimin bai san garma ba, kuma ɗaya ba ya huɗa, sai da kaka Rabe ya sayar ya sayi jaki da hatsi. Daga nan in an zo kiran Gidaɗo sai ya ce idonsa ba ya gani sosai, a nemi wani. Ƙarya yake yi, yana hango shanunsa daga nesa ya faɗi wadda ke ɗingishi.

Sai bayan girbi ya sake shigowa gidana. Ya rame. Na rasa ta inda zan fara, na yi ta kame-kame ina tambayar lafiyar shanu. Na ce masa ƙaddara ce, na ce wasan Turawa ne kawai, an shirya shi don a ruɗa mai kallo, ba haka duniya take ba. Ya ce to me ya sa ban faɗa masa haka tun farko ba. Ya nuna kwalin da ke ƙarƙashin tebur, ya tambaye ni guda nawa ne duka. Na ce ashirin da shida. Ya ce na kalle su duka? Na ce na kalla.

"To Malam, don Allah hwaɗa min gaskiya. Cikinsu duka, babu guda wanda anka bi sawu, anka iske ɓarawon shi na ɓarawon?"

Na so in ce akwai. Na zauna ina tuno su ɗaya bayan ɗaya, yana jira, hannunsa bisa sandarsa.

"Babu, Baffa," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce da ya san akwai ko guda ɗaya, da ranar nan ya kafa sandarsa.