Lissafin Kawu a Kan Rairayi

Makon jiya ɗiyata ta gurɗe ƙafa a lakol, wato makarantar boko, uwarta ta ɗauko man zafi tana murza mata. Da warin ya iso inda nake zaune, sai na ga kaina ina ɗan shekara goma sha, zaune kan tabarma a ƙofar gidan kawuna a Mayahi, ƙafafuna miƙe, shi kuma yana shafa mini man nan kamar mai gyaran dokin da zai kai kasuwa.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Gidan Amumune. Da na ci jarrabawar shiga kwalej, aka kai ni wurin ƙanen mahaifiyata, wanda ke aiki a wani biro, ofishin gwamnati. Mutum ne mai tumbi, ba ya zuwa ko masallacin unguwa sai a kan moto, babur ɗinsa. Tunda nake ban taɓa ganin ya yi sauri ba, balle gudu. Amma in ka ji shi da la'asar a gindin dalbejiya, rediyo a kan cinya, abokansa kewaye da butar shayi, sai ka rantse shi ya raini duk 'yan tseren duniya. Yakan ce wane zai karya tarihin mita dubu da ɗari biyar kafin kaka, wane kuwa ƙarfinsa ya ƙare. In abin ya faru, shi ya faɗa. In bai faru ba, iska ce ta juya, ko kuma an ba mutumin abincin da bai saba da shi ba. Babu mai ce masa kanzil, don shayin nasa ne.

Ni gudu nake so, tun ina bin awaki. Ba don kowa nake yi ba. Da sassafe, kafin rairayi ya yi zafi, nakan bi hanyar gulbi babu takalmi, ina jin numfashina yana daidaita da sawuna. A shekarata ta biyu mushen wasanni, malaminmu na motsa jiki, ya sa ni a tseren mita ɗari takwas na makarantu, wato zagaye biyu na filin ƙwallo, na bar na biyu can baya. Kawu yana wurin, da agogo a hannu. Ranar nan na shiga uku ban sani ba.

Da yamma ya kira ni gaban abokansa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Ya rubuta lokacina, ya rubuta na mai riƙe da tarihin duniya a ƙarƙashi, ya ce in ina rage kaza duk shekara, kafin in fito da gemu na wuce shi.

"Wanga yaro," in ji shi, "lissahi ya nuna. Ni ban faɗin abin da ban auna ba."

Suka gyaɗa kai, aka zuba shayi na biyu. Kafin kasuwa ta sake ci, duk garin ya ji. Mai nama yana kirana mai tarihi, 'yan ajinmu suna buɗe mini hanya da tafi, rabi wasa rabi gaske. Ni ma, gaskiya, na fara yarda. Yaro ne ni, kuma babba mai agogo ya faɗa.

Da hutun damina ya zo, kawu ya hau moto har ƙauyenmu. Ya sami mahaifina a zaure yana gyaran ƙotar hauya, ya ce kada a kai ni gona bana, duƙawa tana ɓata ƙugun ɗan tsere. Mahaifina mutum ne mai jin nauyin suruki, ga shi kuma ɗansa yana ci a gidan mutumin. Ya ajiye ƙotar, ya ce, "To, ku kuka san boko." Haka aka bar ni a Mayahi ina zagaye fili safe da yamma, kawu yana zaune kan moto a inuwa yana daka mini tsawa. A can gida kuwa, mahaifiyata da yayata mace suka ɗauki hauyar da ta kamata in ɗauka. Ciyawa ta fi ƙarfinsu a gonar gabas, ba a samu yin maimai ba. Hatsin da aka ɗaure a shekarar bai kai mu ga wata damina ba.

Bayan an koma lakol aka kai mu Maradi gasar jiha. Nan na fara ganin filin tsere na gaskiya, mai layuka. Tun daga kallo na ga zagayensa ya fi namu nisa ƙwarai. Ashe filinmu na Mayahi da taki aka auna shi, an kuma karkatar da kwana don a kauce wa wata bishiya. Duk lissafin kawu a kan guntun fili aka gina shi.

Aka busa usur, na fita da ƙarfi kamar yadda ya koya mini. Zagayen farko ina gaba. A tsakiyar na biyu, daidai inda jikina ya saba ganin ƙarshe, ƙafafuna suka zama kamar an ɗaura musu turmi. Suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda kawai na riga shiga, shi ma ɗingishi yake yi. Na dafa gwiwa ina amai.

Kwana biyu da dawowarmu, ina shara a bayan danga, na ji kawu a gindin dalbejiya yana cewa, "Ai ni tun farko na gani. Ƙwabrinai gajere ne, irin wanga jiki bai kai ko'ina. Don dai kar in karya mishi zuciya na yi shiru." Aka yi dariya, wani ya ce kawu dai akwai ido. Daga nan suka koma kan wani ɗan ƙasar waje da za ya karya tarihi kafin azumi.

Mahaifina bai taɓa tayar da maganar ba. Da na je gida ya dube ni, ya ce, "Ka gaji ko?" Ya miƙo mini ƙwaryar fura. Ban sake yin tsere ba, ko hanyar gulbi ban sake bi da gudu ba.

Yau ina koyarwa a Tasawa. Masu irin sana'ar kawu sun yi yawa, kuma ba su bukatar rediyo ko tsinke. Suna cikin salula, da zane-zane masu launi, suna raba wa mutanen da ba su taɓa gani ba rabon tarihi: wannan yana da dama kaza, waccan ta makara. 'Yan fada na unguwarmu, samarin da ke zaman shayi, suna haddace maganarsu suna musu a kai, alhali a cikinsu babu mai iya bin kabu-kabu da gudu har kwana. Babu ɗayansu da zai yi asarar ko zangarniya in hasashen ya faɗi.

Har yanzu ina kallon tseren in ya zo a talabijin, amma nakan kashe sautin. In an gama, hoto yakan bi wanda ya ci. Ni kuwa idona yana can baya, kan wanda ya shigo a makare ya dafa gwiwa, ina tunanin wa ya yi masa lissafi a gida, kuma wa ya riƙe masa hauya.