Zoben Robar Saje Dalhatu

Saje Dalhatu yana cikin goge akwatinsa da tsumma, kamar yadda yake yi kullum bayan koko, sai sallamar ƙanensa Kamaluddeen ta shigo zaure kafin mai ita.

Saje Dalhatu ya yi shekara ashirin da biyu yana tsaron sito a wani sansanin sojan sama, inda ake koya wa samari tuƙin jirgin yaƙi. Bai taɓa tashi sama ba. Aikinsa jiran kayan gyara, jiragen ma aikinsu ke nan. Sun jera a fili suna jira har tattabaru suka yi ƙwai a bakin injinsu. Ranar da kayan suka iso, an shekara biyu da sayar da jiragen ga masu gwangwan. Da aka zo sallamar ma'aikata, aka ce kowa ya ɗauki abin tunawa. Wani ya ɗauki tsanin hawa jirgi, wani katakon tare taya. Dalhatu ya dawo Jega da akwati guda cike da zobban roba masu hana yoyo, kowanne a ledarsa, da littafin fom bandir ɗaya.

"Yaya, injin ban-ruwana ya tsaya a Jiga Birni," in ji Kamaluddeen. "Kwana ukku ke nan albasa ba ta sha ba. Makanike ya ce roba ce ta cinye, mun duba Aliero babu irinta. Ga tsohuwar."

Dalhatu ya karɓa, ya ɗaga ta ga haske, ya auna da wata cikin leda. Daidai, kamar tagwaye.

"Akwai. Cika fom."

"Fom na mi? Ni ne hwa, uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Sito bai da uwa."

Kamaluddeen ya dangwala yatsa a gurbin mai nema. Saura mai amincewa, wanda dole ya fi mai sito girma. Dalhatu ya duba zauren, ba kowa, ya ƙwala wa matarsa kira. Murjanatu ta fito da ƙullu a hannu.

"Yau kuma ni ce kwamanda? Shekara talatin sai yau anka gane?"

Ta dangwala da ƙullun, ta tsaya tana kallo. Dalhatu ya ƙame, ya karɓi takardar da hannu biyu, ya danne ta da dutse.

"Ka dawo jibi. Wurinmu takarda ba ta fita ran da ta shigo."

"Jibi?" in ji Kamaluddeen. "Yaya, ganyen ya kwanta. Noman rani na bana duka shi ke nan gare ni."

"Bar shi, Kamalu," in ji Murjanatu. "Jirgi goma sha biyu ya yi jinya, ko ɗaya bai tashi ba. Albasarka ce za ta tsira?"

Dalhatu ya daɗe yana juya ledar zoben. A duk shekarun nan bai taɓa ganin ɗayan zobban a jikin ƙarfe ba, ko sau ɗaya bai ji injin ya ɗauka saboda abin da ya fito daga hannunsa ba. Ya sa haƙori ya yage ledar. Warin sabuwar roba ya bugi hancinsa.

"Ba a ba farar hula kayan soja ya tahi da su shi kaɗai," ya ce. "Sai da rakiya. Ina babur ɗinka?"

Ya zura takalmi, ya bar akwatin a buɗe, ya fice.