Tuta Biyar

Malam Mahfuzu tela ne a bayan babbar kasuwar Garwa, amma ko kusa kada ka kai masa riga, zai kore ka. Tutoci yake ɗinkawa. Shekara ashirin ke nan, duk sa'ad da shugabancin karɓa-karɓa na ƙungiyar ƙasashen yankin ya zagayo kan ƙasarsu, shi ake kawo wa aikin: tutar ƙasashe shida, ta mai riƙe da shugabanci a yi mata geza ruwan zinariya. Rediyo kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya ce shi a takardar oda yake karanta labarin duniya, tun masu labarai ba su farka ba.

'Ya ɗaya gare shi, Haula, tana aure a ƙetaren iyaka. Albarkacin ƙungiyar, da katin shaida kawai take shigowa. Ga ta da cikin fari wata bakwai, an shirya a wata mai kamawa za ta zo gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta.

Ranar Talata da hantsi Émile, ma'aikacin da ya saba kawo odar, ya shigo bai ko zauna ba.

Malam Mahfuzu ya duba takardar, ya sake dubawa. "Musiye Émile, biyar na gani. Kun manta ɗaya."

"Ba mantuwa, Baba. A ɗinka yadda aka rubuta."

"Mu ne fa shugabanni bana. Ba za mu lallashe su su zauna a ƙungiyar ba?"

"An lallasa," in ji Émile, yana kallon titi. "Ni dai ban ce maka komai ba."

Wadda babu a takardar, tutar ƙasar mijin Haula ce. Ƙasar ta fita daga ƙungiyar ke nan, za a rufe iyaka. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya kasa zura zare a allura. Ya ture keken ɗinkin ya kira Haula a waya.

"Haula, kada ki jira wata. Ki hau mota yau, ko kaya kada ki tsaya haɗawa."

Yana jin hayaniyar mutane a bayanta.

"Baba, ai ina tasha tun safe. Direbobi sun ce tun jiya ba motar da ta ƙetare gadar iyaka."