Ranar da Baffa Ya Tsaya a Gaban Mashi

Abubuwa da yawa sun faru da ni sun goge kamar ba a yi ba, amma abin da idona ya gani a filin wata makarantar sakandare a Bebeji, ranar da aka zo zaɓen nakasassu 'yan wasan jifa, yana nan daram a zuciyata. Na san da shi za a binne ni.

Wanda abin ya shafa taubashina ne, ɗan gwaggona da ta yi aure a wata ruga kusa da Ba'awa. Shan inna ya kama shi yana ƙarami, ya shanye masa ƙafafu biyu, Allah kuma ya ba shi kafaɗu irin na ɗan dambe. A ruga ba a zaman banza, da ƙafa ko babu ƙafa. Da damina, in an kai shanu kiwo gefen gonaki, sai a zaunar da shi a kan tudu, a tara masa hoge a gabansa. Da saniya, wadda suke kira nagge da Fulatanci, ta nufi dawar mutane, sai ya jefa hogen ya fashe daidai gaban hancinta, ta juya. Doka ɗaya mahaifinsa, wanda duk muke kira Baffa, ya kafa masa: jifa ya faɗi a gaban dabba, kada ya kuskura ya taɓa ta. Sau ɗaya ya samu wata karsana a ido, kuma dukan da ya sha ranar har yau ba ya son a tuna masa.

Wani malamin motsa jiki daga Dangora ne ya gan shi yana wannan aiki, ya tsaya ya saki baki, daga nan ya fara koya masa jifan mashi irin na gasa. Ni nake kai shi a babur in dawo da shi, ina tsokanarsa duk tsawon hanya. Nakan ce, "Kai da ko kaza ba ka iya kamawa, kai ne za ka kamo mana kofi?" Shi kuma ya dunguri ƙeyata ya ce, "Bawana, ja babur ka rufe mana baki."

Baffa bai so abin ba ko kaɗan. Da yake taubashin nawa ɗan fari ne, Baffa ba ya yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Ni ya kira ya ce, "Ka gaya wa abokinka, sau ɗaya zai je. In sun ɗauke shi, Allah ya kiyaye hanya. In ba su ɗauke shi ba, ya dawo bakin shanu, kada in ƙara jin wannan zance." Duk wanda ya san Baffa ya san ba ya magana biyu.

Ranar zaɓen, masu horarwa suka zo daga Kano da wata doguwar kujerar ƙarfe. Aka kafa turaku aka ɗaure ta, aka ɗora taubashina, aka ɗaure masa cinyoyi da bel don kada ya ɗaga. Can cikin fili an ja layi da toka, duk wanda mashinsa ya tsallake layin ya samu shiga. A kan layin kuwa wani dattijo ne tsaye da igiyar awo a hannu. Ina waigawa sai ga Baffa a bayan 'yan kallo, da malafarsa da sandarsa a kafaɗa. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce wai kasuwa ya zo. Ni kuwa na san ranar ba kasuwa ke ci ba.

Jifa uku ake ba kowa. Na farko ya tashi da kyau, amma ya kafe a gaban ƙafar dattijon, bai kai layi ba. Dattijon ya yi tsalle yana salati, ya matsa gefe guda. Jifa na biyu kuma sai ya bi shi can gefen, ya sake kafewa a gabansa. Malamin ya dafe kai, domin a wajen horo yaron yana wuce wannan nisa ko bai yi karin kumallo ba. Na dubi taubashina na ga gumi na zuba, yana duban hannunsa kamar ba nasa ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla, don na san in na ƙarshe ya faɗi haka, tudun nan zai koma har tsufansa.

Babu wanda ya gane abin da ke faruwa sai Baffa. A wajen horo malamin a bayansa yake tsayawa, fili kuma wayam. Yau ne karo na farko da aka sa mai rai a gabansa, hannunsa kuwa ya saba sauke jifa a gaban mai rai, ko ya so ko bai so ba.

Sai kawai muka ga Baffa ya ratsa mutane ya shiga fili. Ya roƙi dattijon ya koma can wajen 'yan kallo, shi kuma ya yi ta tafiya, ya wuce layin tokar, ya wuce inda mashin kowa ya taɓa kaiwa, sannan ya juyo ya tsaya. Babban kocin ya yi ta ɗaga hannu yana cewa, "Malam, ka fita daga nan, mashi ne fa!" Malamin Dangora ya riƙe hannunsa yana ba shi baki, har kocin ya auna nisan da ido, ya ga babu mai iya kaiwa can, ya ƙyale.

Baffa ya cire malafarsa, ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Ga nagge nan za ta shiga dawa. Mayar da ita!"

Wallahi ban ga lokacin da mashin ya bar hannunsa ba, ƙarar numfashinsa kawai na ji. Ya tsallake layin tokar yana sama, ya yi ta tafiya har na rufe ido. Da na buɗe, mashin na kafe yana rawa a gaban Baffa, ƙurarsa ta bule masa ƙafa, shi kuwa ko gezau bai yi ba. Fili ya ɗauki ihu. Na ruga wajen taubashina in tsokane shi, na tarar yana ta maimaita, "Da na same shi fa? Da na same shi fa?" Na rungume shi a kan kujerar muka yi ta kuka, ƙarti biyu a gaban jama'a.

Suka ɗauke shi. Daga Kano ya tafi Abuja, daga baya har jirgi ya hau zuwa ƙasashen da ni sai a rediyo nake jin sunansu, ya dawo da lambobin yabo.

Amma ni abin da ya fi tsaya min shi ne komawarmu ranar, na goyo Baffa a babur, don masu horarwa sun wuce da taubashina Kano. Muka yi ta tafiya har muka kusa ruga. Na kasa haƙuri na ce, "Baffa, ai da ka yi shiru da yana nan tare da kai." Ya ce, "Ni na riƙe masa hannu tun yana yaro. In ban sake shi ba, wa zai sake shi?" Na ji muryarsa ta karye, ban waiwaya ba don kada ya ji kunya.

Ranar na koyi cewa ba kullum nakasa ce ke danne mutum ba. Wani lokaci abin da mu masu ƙaunarsa muka cusa masa ne, da kyakkyawar niyya. Kuma sakin sa yakan faɗo a kan wanda rabuwa da shi za ta fi yi wa ciwo.