Mazarƙwailar da Na Ɗora Yayana a Kai

Edita, ina gaisuwa. A zamanin da ake tara dalar gyaɗa, kafin mulkin kai, ni saurayi ne a Soron Ɗinki mai ilimin aji uku na elementare. Kada ka raina aji ukun nan. A gidanmu ni kaɗai ke karanta boko, don haka ni ne alƙali, ni ne likita, ko kaza ce ta yi tari sai an ji ta bakina. Fensir ba ya barin kunnena, ko da babu abin rubutawa.

Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, maɗinkin hannu ne. In ya yi wa riga aska takwas, har daga Koki ake zuwa kallo. Da idonsa yake ciyar da mu. Sai ya fara ramewa alhali yana cin tuwo kamar ɗan gayya, ya sha ruwa ya zaga, ya dawo ya sake sha. Matarsa ce ta lura kiyashi na taruwa inda ya yi bawali. Na raka shi asibiti. Malamin asibiti ya gwada, ya ce ciwon sukari ne, sukari na fita ta bawalinsa, ya bar zaƙi, ya riƙa zuwa ana yi masa allura. Ya soma bayanin wani ruwa da jiki ke yi wanda na yaya ya yi ƙaranci, amma ni tuni na toshe kunne, ina ta gyaɗa kai irin na manya, don kada a ce ɗan boko bai gane ba.

A hanya na gano cewa mutumin da ke soka wa riga allura sau dubu a yini yana tsoron a soka masa guda ɗaya. Ya tambaye ni ko da wata dabara. Nan fa ilimi ya motsa. Na ce masa tun a aji biyu aka koya mana in an ɗebe sai a tara. Tunda sukari ne ke zuba daga jikinsa, ai mayar masa za a yi, malamin ne ya juya lissafin. Yaya ya ce lallai bokona bai faɗi ƙasa banza ba. Na ɗora shi a kan mazarƙwaila, zuma a kunu, dabino bayan la'asar. Matarsa ta ce ita dai ta ji an ce a bar zaƙi. Na tambaye ta aji nawa ta yi. Wallahi har yau in na tuna tambayar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekara uku muna haka. Wata rana da hantsi, rana tar a bakin soro, ya miƙo mini allura da zare ya ce in zura masa, wai gari ya yi duhu. Muka koma asibiti. Da malamin ya tambaye shi wa ya hana shi zuwa, yaya ya ce kansa ne, bai ko juyo inda nake ba. Allurar asibiti da ya fara karɓa ta riƙe ransa, amma ido ya riga ya tafi.

Sai da na tsufa jikata mai aikin jinya ta ƙarasa mini bayanin da na ƙi ji. Ta ce sukari a jini kamar buhunan gyaɗa ne, ruwan nan kuwa, insulin, shi ne ɗan dakon da ke shigar da su sito. In ɗan dako ya gaza, kaya su cushe hanya, su ɓata ido da ƙoda. Wato hanya a cushe, ni kuma ina ta sauke buhu.

Jama'a, rabin sani ya fi jahilci kaifi, domin jahili yana tambaya. In an yi muku bayani a asibiti ba ku gane ba, ku ce a sake, kuma kada ku raina matar gida da ta ji daidai. Ni shekara ashirin ina riƙe da sandar yayana zuwa masallaci, bai taɓa goranta mini ba. Sai dai har ya koma ga Allah bai sake kiran sunana ba. Likita yake ce mini, ni kuma ina amsawa.