Ƙasarun Baba Kafinta

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya buɗe hanyoyi a cikinta, Ya rangwanta wa matafiyi abin da Ya cika wa mazauni, Yake kuma sane da abin da ƙiraza suka ɓoye ko da harsuna sun kame. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihin maƙwabcina ne, wanda duk unguwarmu ke kira Baba Kafinta. Abin da ya faru a gabana na rubuta shi yadda na gani. Abin da ya faru a nesa kuwa, wani daga bakinsa na ji, wani daga bakin ɗansa.

Shagonsa a jikin gidansa yake, bango ɗaya ya raba su. Yana yin gado da kujera kamar kowane kafinta, amma ƙyaure ne gwanintarsa. Idan ya je gaisuwa gidan mutum, kafin a gama tambayar iyali ya riga ya tura ƙofa ya jawo ta, ya karkata kunne yana saurare. In ta yi kuka sai ya ce, "Ƙofar nan tana kai ƙarar maigida." Washegari za a gan shi da guduma da ɗan mai a kwalba, ba tare da an kira shi ba. Bai yi zurfi a karatu ba, sai dai ba ya fashin zama a darasinmu na bayan La'asar, kuma ba ya tambaya sai a kan abin da zai aikata.

Ɗa ɗaya Allah Ya raya masa. Sunan mahaifinsa ya sa masa, saboda haka ba ya kiransa sai da Babana. Yaron ya yi karatu ya zama injiniya, aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa, ya yi aure a can ya zauna. Da matar Baba ta rasu, sai ya tara mu ya mallaka wa ɗan nasa gidan, yana cewa ai shi zama kawai yake yi kafin a zo ɗaukarsa. Injiniya ya sha roƙonsa ya koma wurinsa, musamman bayan yanar ido ta fara rufe masa gani har ya taɓa faɗuwa a shago. Amsarsa ba ta sauyawa: "Babana, itacen da ya tsufa a wuri, in ka tumɓuke shi ba ya sake zama itace. Katako yake zama."

Sai Injiniya ya sauya magana. Ya ce ba ƙaura yake nema ba, likitan ido kawai za a gani, a kwana biyu zuwa uku a dawo. Da wannan Baba ya yarda, ya zo wurina yana tambayar hukuncin sallar matafiyi. Na gaya masa cewa wanda ya yi tafiya mai nisa, bai kuma ƙulla niyyar zaman kwana huɗu ba, yana mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, shi ne ƙasaru. In ya bi liman mazauni sai ya cika tare da shi. In kuwa shi ya yi limanci, sai ya sanar da mamu tun farko cewa shi matafiyi ne, domin su cika tasu bayan ya sallame. Na ce masa wannan sadaka ce Allah Ya yi wa bayinsa. Ya yi dariya har da tafa cinya.

"Ashe ni ma zan ci wannan sadaka kafin in mutu. Malam, ni ban taɓa nisan da ya kai ba."

A lokacin yana kan haɗa sabon ƙyauren masallacinmu. Ya shafa gam, ya haɗa katakon, ya matse shi da igiya, ya jingine a shago. Ya ce kafin ya dawo gam ya kama, sai sassaƙar ado da kafawa.

Ranar da nake son ba da labarinta ita ce wadda ya ɗauka ta ƙarshe ce gare shi a can. An riga an ga likita, ɗansa ya ce yau za a zaga gari, gobe sai jirgi. Bayan sallar Asuba Baba ya zauna yana duba ɗakin da aka sauke shi, a can saman wani dogon bene. Gado sabo ne, har ƙanshin shago bai bar katifar ba. Akwai ma'ajin tufafi babba, an kuma kafa ƙarfen da tsoho zai riƙa dafawa a bangon banɗaki. Ya girgiza gadon ya ji yana rawa, ya nemi abin ɗaure ƙusa ya durƙusa ya gyara. Da surukarsa ta kawo masa shayi ya ce da ita, "'Yata, ku rage ɓarna. Baƙon kwana uku tabarma ta ishe shi." Ta sunkuyar da kai ta fita. Ya ɗauka kunya ce irin ta surukai.

Suka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari. Ƙofofinsa suna buɗe kansu suna rufewa, Baba ya ce ƙofar da ba ta bukatar hannu ai ta raina mutane. Suka fito bakin wani kogi mai faɗi, suka haye gada a ƙasa, suka hau wata hasumiya inda motoci suka zama kamar kiyashi. Duk abin da ya gani sai ya ce, "Wannan sai na ba Malam labari." Injiniya yana ta nuna masa wasu abubuwa dabam: ga lambu inda tsofaffi ke shan iska, ga kantin da ake samun naman halal, ga hanyar da ba ta da matakala. Baba ya ce, "Babana, kana nuna mini gari kamar mai neman ya sayar mini da shi." Ɗan ya yi murmushi.

Azahar ta same su a tsohon masallacin garin. A bakin ƙofarsa Baba ya tsaya cak. Ƙyaure ne mai tsawon mutum biyu, an haɗa shi da ƙananan katakai masu shiga cikin juna, babu ƙusa ko ɗaya. Idonsa bai iya rarrabe adon ba, sai ya bi shi da yatsu kamar mai shafa kan maraya. Ya tura da ɗan yatsa, ƙyauren ya tafi shiru. Ya ce, "Allah Ya ji ƙan wanda ya yi wannan. Bai san ni ba, amma mun gaisa." Ya bi liman ya cika huɗu, yadda aka koya masa.

Daga nan ya matsa sai an kai shi kasuwa ya sayi tsaraba. Ya saya wa ladan hula mai kauri, ya saya mini turare, ya saya wa matar maƙwabcin da ke aiko masa abinci mayafi. Sannan ya sa aka nemo masa shagon kayan gini, ya zaɓi hinji na tagulla, wato ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kai, ya auna nauyinsu a tafin hannu ya ce na ƙofar masallacinmu ne. Injiniya ne ya riƙe masa jakar duk tsawon zagayen.

La'asar ta yi suna cikin kasuwar. A ƙarƙashin shagunan akwai wani ɗan ɗaki da 'yan kasuwa da direbobi suka shimfiɗa wa darduma suna salla, ba shi da tsayayyen liman. Da suka ga furfura sai suka tura Baba gaba. Ya yi ta nonnoƙewa, suka ƙi. Sai ya gyara tsayuwa ya waiwayo, cike da farin cikin wanda zai yi aiki da karatunsa a karon farko, ya ce, "Jama'a, ni matafiyi ne, gobe zan koma gida. In na sallame ku cika sallarku." Ya dubi ɗansa ya ce ya fassara wa waɗanda ba su ji ba. Injiniya ya fassara. Ya tsaya a sahun farko, daidai bayan mahaifinsa. Baba ya yi raka'a biyu ya sallame, jama'a suka miƙe suka cika.

Ana cikin neman takalma wani mutum mai faɗin fuska ya durƙusa ya gaishe shi da harshen gida. Direban motar ɗaukar kaya ne, abokin Injiniya.

"Baba, sannu da zuwa. Ashe kai ne mai gadon."

"Wane gado?"

"Wanda na hau da shi bene a bayana, har yau ƙuguna bai yafe mini ba. Ya ka ji shi?"

"Wanda ya haɗa shi ya kamata a ɗaure, ba gadon ba," in ji Baba. Suka yi dariya.

"Amma Baba, na ji ka ce kai matafiyi ne. Ai tafiya ta ƙare, kai namu ne yanzu. Ko ba a gama cinikin gidan can ba ne? Na ji Injiniya ya ce masu saye har sun karɓi makulli."

Direban ya dubi Injiniya don ya tabbatar masa, ya ga fuskarsa, sai dariyar ta mutu a bakinsa. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya yi sallama ya fita.

Baba ya zauna a kan bencin cire takalma, ƙafa ɗaya a sanye.

"Babana, gobe akwai jirgi?"

"Baba, bari mu je gida in yi maka bayani."

"Wane gidan? Na tambaye ka, akwai jirgi?"

"Babu, Baba. Likita ya ce sai an yi aiki. Kuma kai kaɗai ne a can. Ranar da ka faɗi, sai da aka ɓalle ƙofa. In na gaya maka gaskiya ba za ka zo ba."

"Da ban zo ba," in ji Baba. "Shagon fa?"

"Tare suke."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Gidan naka ne, ni na ba ka a gaban mutane, ban da ta cewa. Amma ka bar ni na zaɓi hula, na zaɓi mayafi, kana riƙe da jakar. Wannan ma a bar shi. Na fuskanci alƙibla, na juyo na ce wa bayin Allah gobe zan koma gida. Kai ka ɗauki maganar da bakinka ka kai musu. Sannan ka tsaya a bayana ka yi kabbara. Tun kana ƙarami nake tsayar da kai a damana ina koya maka salla. A nan ma ba ka iya jan rigata ka ce, Baba dakata ba?"

Injiniya ya ce mini da ya zage shi ko ya mare shi da ya fi masa sauƙi. Baba ya sunkuya. Ya sanya ɗaya takalmin, ya karɓi jakar tsarabar ya riƙe da kansa har suka isa.

Washegari ya kira ni a waya. Bai fara da gidan ba, ya fara da La'asar: shin ta inganta, kuma shin ya ɓata wa mutanen da suka bi shi? Na ce sallarsa da tasu duk sun inganta, domin hukunci yana bin niyyar mai salla, shi kuwa bai ƙulla zama ba. Ya ce, "To yanzu fa?" Na ce malamai da dama sun tafi a kan cewa wanda wata lalura ta tsare, yana jiran tafiya yau ko gobe, bai yanke zama ba, yana nan a matsayin matafiyi. Na kuma ce masa akwai ɗaki a gidana duk ranar da ya sauka. Ya ce, "To ni ban yanke ba, Malam. Wasu ne suka yanke."

Aka yi aikin ido, aka ce a jira ya warke. Ya warke, aka ce a jira sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, ƙafa ta fara ciwo. Fasfonsa yana hannun ɗansa. Shekaru suka shige a haka, Baba bai taɓa zuba tufafinsa a ma'ajin nan ba. Jakarsa a ɗaure take a bayan ƙofa. In ya samu jam'i ya cika huɗu a bayan liman, in yana ɗakinsa ya yi biyu. Yana cin abincin gidan, yana sa wa surukarsa albarka, ya gyara kowace ƙofa a gidan har ta daina kuka. Amma bai sake yi wa ɗansa limanci ba. In Injiniya ya shimfiɗa darduma a bayansa, sai ya ce, "Je ka masallaci, Babana. Sallata gajeriya ce, ba za ta ishe ka ba."

A ciwon ajalin Baba ɗan ya durƙusa a gefen gadon nan ya nemi gafara. Baba ya ce, "Gidan na yafe tun a kan benci. Kabbarar nan ce nake ta fama da ita. Ka roƙa mini Allah Ya ba ni iko." Ya dafa kan ɗan ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Abin da ya ƙare a zuciyarsa bayan wannan, Allah ne masani. A can aka binne shi, nesa da matarsa.

Ƙyauren kuwa, ranar da sababbin masu gidan suka fitar da kayan shagon, ni da ladan muka ɗauko shi muka jingine a bayan masallaci, igiyar tana jikinsa. Bayan rasuwar Baba, Injiniya ya zo da jakar. Ya ba ladan hularsa, ya ba ni turarena, matar maƙwabcin ta riga ta rasu sai aka ba 'yarta mayafin. Hinjin suna can ƙasa a naɗe cikin tsumma. Muka kwance igiyar, gam ya kama kamar dutse. Muka kafa shi haka nan ba ado, don babu wanda ya yarda ya sa masa hannu. Injiniya ya tura shi ya jawo, bai yi kuka ba.

Ya Allah, bawanka ya iso gare Ka yana baƙo a ƙasar da bai zaɓa ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka karɓi biyunsa da huɗunsa, Ka cire masa abin da ya rage a ƙirjinsa, Ka yafe wa ɗansa. Ka buɗe masa ƙofar gidan da ba a fitar da mai shi, Ka sada shi da matarsa a cikinsa. Amin.